Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga sarakunanmu, limamai, ciyamomin kasuwa da shugabannin hukumomin agajin gaggawa na Legas

Assalamu alaikum warahmatullah.

Iyayenmu sarakunan Hausawa na zangunan Legas, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu limamai, Allah ya gafarta muku. Ciyamomin kasuwa da sakatarorinsu, barkanku da fama da jama'a. Sai kuma manyan da ke riƙe da hukumar agajin gaggawa ta LASEMA da hukumar kwana-kwana da hukumar motocin asibiti ta LASAMBUS, na san ba lallai kuna jin Hausa ba, amma na san ba za a rasa yaronmu ɗaya a ofis ɗinku ko a bakin get ɗinku ba, to dan Allah wanda zai fassara muku ya fassara yadda na faɗa, kar ya rage gishiri.

Ni ɗan agaji ne, shekarata 14 ina sa kaki, sana'ata kuma albasa. A Agege aka haife ni, iyayena ne suka zo daga arewa, ina jin Yarbanci kamar Bayarabe, ina jin Turancin buroka. Ni ba ɗan boko ba ne sosai, kuma ban saba yi wa manya rubutu ba, in na yi kuskuren lafazi a yafe min. Abu ne ya daɗe yana ci min rai, kuma an ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Bari in fara da daren da wuta ta tashi a kasuwar da nake. Ba zan faɗi sunan kasuwar ba don ba tonon silili na zo yi ba, kuma abin da ya faru a can zai iya faruwa a kowace kasuwa da mutanenmu suke, irin su Mile 12. Wajen ƙarfe 2 na dare ne, an daɗe ba wuta sai aka kawo ta da ƙarfi, waya ta yi tartsatsi a wani shago na katako da langa-langa, a layin kuma akwai masu leda da masu katifa, to kun san sauran. Waɗanda suka fara gani 'yan dako ne masu kwana a kan tebura. Kafin a kira ni in fito in iso wuta ta ci shago kusan 10.

Abin da na tarar shi ne mutane sun fi 200 a tsaye, rabinsu waya a sama ana ɗaukar bidiyo, wasu na salati, wasu na kuka, 'yan ga-ruwa kuwa Allah ya saka musu, sun turo kurarsu cike da jarkoki ba wanda ya ce musu ga ko sisi. Na tambaya an kira 'yan kwana-kwana? Kowa ya ce ai an kira. Wa ya kira? Shiru. Wallahi kusan rabin awa wuta na ci ba wanda ya danna 112 ko 767, kowa yana zaton wani ya kira, alhali kyauta ne kiran, ko ba ka da kati zai shiga. Da aka samu wani ya kira ɗin ma ya kasa kwatance, ana tambayarsa sunan titi da bos-stof mafi kusa yana ta cewa bayan masallaci, bayan masallaci, wajen masu doya. Sai da na karɓi wayar.

Motar ta zo. Amma ta shiga ta ina? Bakin layin an cike shi da tebura da kwandunan tumatir, ga wata tirela an faka ta a daidai mashigar, direban ya tafi wani wuri ya kwana da makulli a aljihu. Kafin a ja bututu ta bayan rumfuna an ƙara cinye wasu mintuna, ruwan tankin mota kuma ba kogi ba ne, yana ƙarewa, sai an koma an ɗebo ko a jira wata motar. Nan fa yaranmu suka fusata. Na ce yaranmu, ba 'yan agbero na tasha ba, ba kowa ba, namu. Dutse ya fara tashi, kwalba ta fara tashi, wai sun zo a makare, wai sun zo ba ruwa. Dutse ɗaya ya sami wani ma'aikaci a gefen goshi daidai lokacin da ya cire kwalkwalinsa zai goge zufa.

Ni na ɗaure masa kan. Na zaunar da shi a kan wani benci, na danne wurin da auduga, na naɗa bandeji, yana ta magana da Yarbanci shi kaɗai a zatonsa ba na ji. Yana cewa tun safiyar jiya yake bakin aiki, wannan ce wuta ta uku da ya je, bai ci komai ba sai burodi da ruwan leda, ni da na zo kashe wutar shagonku ni za ku kashe? Hannunsa na rawa, yana wani irin tari mai zurfi wanda duk wanda ya daɗe yana shaƙar hayaƙi ya san shi. Da na amsa masa da Yarbanci na ce ya yi haƙuri sai ya ɗago ya kalle ni, wallahi idonsa ya kawo ruwa. Mutum ne mai kusan shekara 50, sa'an babban yayana. Ranka ya daɗe, kunyar da na ji a daren nan har yau ba ta sake ni ba.

To amma ba shi ne ma ya sa na ɗauki alƙalami ba. Wani yaro ne ɗan dako, ɗan wajen Sakkwato, bai fi shekara 22 ba, ci-rani ya zo. Kafin kowa ya iso shi ya jiƙa buhun albasa ya rufa a ka ya faɗa cikin layin. Shigar farko ya fito da wani tsoho maigadi da hayaƙi ya sumar. Shiga ta biyu ya fito da yara biyu da ke kwana a shagon babansu. Shiga ta uku abin da ya fito da shi gawa ce, kuma ta abokinsa ce da suke cin tuwo kwano ɗaya. Washegari bidiyonsa ya zaga WhatsApp da Facebook, jarumi, namijin duniya, wani Alhaji ya ba shi naira 20,000, aka ɗauki hoto, aka watse.

Ƙunar da ke hannunsa kuwa kafin in gan shi an riga an shafa mata man goge baki da ɗanyen ƙwai, wani ma ya kawo shawarar baƙin mai. Bayan kwana 5 hannu ya kumbura ya fara ruwa yana wari, da kuɗin Alhajin nan aka yi magani har ba su isa ba. Ƙunar hannu ta warke. Ta cikin ce ba ta warke ba. Yaron nan ya yi sati 3 ba ya barci, da ya rufe ido sai ya zabura yana kiran sunan abokin nasa, in ya bi ta gaban mai tsire ko wurin da ake babbakar kai da ƙafa sai amai, yaro mai fara'a ya koma ba ya kula kowa, abu kaɗan sai faɗa. Wasu suka ce iska ce ta shafe shi a cikin wutar, aka yi masa ruƙiyya, aka ba shi rubutu. Ni ban raina addu'a ba, Allah ya kiyaye, da ita muke rayuwa. Amma daga baya na gane tiramol ya fara sha don ya iya ɗaukar kaya da rana, da daddare kuma ya sha wani abin don ya samu barci. An ci moriyar ganga an yada kwaurenta, ba wanda ya sake tambayar ina jarumin nan.

Wannan abin da ya same shi likitoci sun san shi, yana da suna a wurinsu, firgici ne da ke biyo bayan ganin mummunan abu, yana kama soja, yana kama ɗan kwana-kwana, yana kama nas, kuma ana maganinsa. Ba hauka ba ce, ba kuma raunin imani ba ne. Matsalar mu da ka ce wa mutum mu je a ga likitan ƙwaƙwalwa sai ya ce Yaba za ka kai ni? Don duk ɗan Legas ya san asibitin da ke Yaba, kuma sunan ya zama abin zolaya. Malamai, nan wurinku ne. Kalma ɗaya daga kan mumbari cewa wanda ya ɗauki gawarwaki ya kasa barci ya je asibiti ba laifi ba ne, ta fi duk surutun da ni zan yi shekara ina yi. Ni kaina na taɓa shiga irin wannan, bayan wani hatsari da muka kwashe mutane a kan babban titi na yi kusan wata biyu ba na iya cin nama, maiɗakina ce kaɗai ta sani, ban gaya wa kwamandana ba don kar a ce na yi laushi.

Kuma ba ƙwaƙwalwa kaɗai ba. Mu 'yan agaji da 'yan sintiri da duk masu rugawa wurin hatsari da hannu tsirara muke kama jini. Safar hannu ta roba nawa take? Amma sai ka ga an fito da mutum jina-jina, yara shida sun tallabe shi, wani da yanka a yatsa, ba wanda ya tuna da ciwon hanta, alhali ta jini ake ɗaukarsa kuma yana da rigakafi, allura 3 ce a cikin wata 6. In allura ta soke ka ko jinin wani ya shiga maka rauni akwai maganin kariya daga ƙanjamau da ake farawa, amma sai a cikin awa 72, in ka wuce shi ke nan. A cikin yaran da ke ƙarƙashina na tambaya, ba wanda ya taɓa jin wannan. Ga hawan jini, dattawanmu da ke tsayuwa a rana tun safe ranar wa'azi ko ranar Idi suna tare hanya, wani ba a taɓa auna jininsa ba tunda aka haife shi. Muna ɗinka kaki mai kyau, igiya a kafaɗa, usur a wuya, takalmi na sheƙi, muna fareti har a yi mana kabbara, amma a ce mutum ya faɗi numfashi ya tsaya, nawa ne a cikinmu suka san a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji a danna da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya har taimako ya zo? Abin da muka iya shi ne a yayyafa ruwa, a yi fifita, a ɗura masa ruwa a baki, wanda ɗura wa sumamme ruwa ma kashe shi yake iya yi. Ƙwaƙwalwa kuma mintuna kaɗan take jurewa ba iska, motar asibiti ko da jirgi ce ba za ta keta gosulon Ikorodu Road a minti 5 ba. Wanda ke tsaye a wurin shi ne likitan farko ko ya so ko bai so ba.

Shi ya sa nake cewa manyan hukuma, ku daina kallon ɗan dako da ɗan ga-ruwa da ɗan jari-bola a matsayin taron da za a kora kawai in kun iso. Ku tuna Ita-Faji, ranar 13 ga Maris 2019, da bene ya rufta da yara 'yan makaranta a Lagos Island, kafin manyan injuna su samu hanyar shiga lungun nan mutanen unguwa ne suke tono da hannu suna miƙo yara. Kowane hatsari a garin nan haka yake farawa. Tunda dole su ne za su fara isa, ai gara a koya musu. A koya musu ƙuna ruwan famfo mai sanyi ake sakar mata na minti 20, ba manja ba, ba man goge baki ba. A koya musu wanda ya faɗo daga sama ko mota ta buge shi ba a fizgarsa a jefa a bayan keke Marwa kamar buhu, don in ƙashin baya ya taɓu jan da aka yi masa ne zai gurguntar da shi. A koya musu ba a watsa wa wutar fetur ko ta man suya ruwa, yashi ake zubawa ko a rufe ta, wutar lantarki kuma a fara kashe mita. A koya musu hayaƙi ya fi harshen wuta kisa, a sunkuya ƙasa. Kai har hayaƙin janareto da ake kwana da shi a cikin shago saboda tsoron ɓarayi, wanda gubar da ke cikinsa ba ta wari ba ta komai sai dai a wayi gari a ga mutane sun sandare.

Lokacin koyarwar ma ba sai an nema ba. Duk ranar Alhamis da safe kasuwannin Legas a rufe suke saboda shara har ƙarfe 10. Gaskiya in an yi shara na awa ɗaya sauran lokacin zama ake yi ana shan shayi ana jiran a buɗe. Me zai hana sau ɗaya a wata a turo mana mutum biyu daga tashar kwana-kwana mafi kusa da mutum ɗaya daga masu motar asibiti, su zo da tukunyar kashe gobara a kunna wuta a cikin rabin duro kowa ya gwada da hannunsa? Tafinta ba matsala, ga mu. Ba taron otal a Ikeja nake nufi ba wanda za a gayyaci shugabanni a ba su jaka da biro da shinkafa a roba su dawo ba abin da ya iso ƙasa. A tsakiyar kasuwa, a gaban masu tura baro. Kuma ranar da yaro ya sha shayi da ɗan kwana-kwana, ya san sunansa, ya san yana da 'ya'ya, da wuya ya ɗaga dutse ya jefe shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma maganar tsoro, wadda in ban faɗe ta ba na yi ha'inci. Yaranmu da yawa da sun ji jiniya ko sun hango kaki gudu suke yi, ba sa tsayawa bambance wannan na kamu ne wannan na ceto ne. Tun da aka hana acaba a ƙananan hukumomi 6 ranar 1 ga Yuni 2022, daga baya aka ƙara wasu 4 har da Kosofe da Mushin inda mutanenmu suke da yawa, kaki a idon ɗan acaba yana nufin an tafi da mashin. Ba gardamar dokar na zo yi ba, wannan wata magana ce daban. Abin da nake cewa shi ne mutumin da ke gudunka ba zai kira ka ba ko da gidansa na ci. Sannan ga tsoron taimako. Kowa ya san maganar da ake yi, kar ka ɗauki wanda aka harba ko aka sara, kai za a riƙe. Ni ya taɓa faruwa da ni, muka kai wani bawan Allah wani asibitin kuɗi cikin dare jini na zuba, aka ce sai takardar 'yan sanda kuma sai an ajiye kuɗi, muna roƙo ana rufe ƙofa, kafin mu kai wani wurin rai ya yi halinsa a kan cinyata. A lokacin ban san akwai doka ba. Ashe dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa, sannan akwai dokar 2017 ta waɗanda aka harba, wadda ta ce a yi musu magani ko ba takardar 'yan sanda, ta kuma ce wanda ya kawo su a mutunta shi kar a tsare shi da tambayoyin wulaƙanci. To dokar da talaka bai san da ita ba ina amfaninta gare shi? A fassara ta da Hausa, a yi ta da murya a tura ta waya don da yawa ba sa karatun boko, a buga a manna a ƙofar masallatai. Kuma in da hali a samu ko mutum ɗaya mai jin Hausa a kowane kwana na masu amsa 112, don wanda ya zo ci-rani wata 3 da suka wuce in ya ruɗe ko Hausar ma da ƙyar take fita balle Turanci.

Ina yaro aka yi fashewar bama-bamai a barikin Ikeja, ranar Lahadi 27 ga Janairu 2002. Mu a Agege ƙarar kamar a bayan ɗaki, gilasai na fashewa, mahaifiyata ta goya ƙanwata ta ja hannuna muna gudu ba mu san inda za mu ba, wannan ya ce yaƙi ne wancan ya ce juyin mulki. Mutum sama da 1,000 suka rasu, kuma mafi yawansu ba bam ne ya kashe su ba, ruwan Oke-Afa suka faɗa cikin gudu da duhu, mata da yara. Abin da ya rasa a ranar shi ne murya ɗaya da mutane suka yarda da ita ta ce ku tsaya, ga abin da ke faruwa, ku bi nan kar ku bi can. Mu kuwa muna da irin wannan muryar, lasifikar masallaci ce, sarki ne, ciyaman ne. Shin akwai lambar sarkin kowace unguwa a wurin masu agajin gaggawa, kuma akwai tasu a wurinsa? In babu, a yi.

Yanzu bari in juyo gida, iyayena, kuma a yi min afuwa. Shugabanci a wurin masifa ba shi ne zuwa da tawaga bayan wuta ta mutu ba, a zaga, a jajanta, a yi hoto. A daren da na ba ku labari masu ba da umarni sun fi masu ɗaukar bokiti yawa, wannan ya ce a fasa shagon nan wancan ya ce kar a taɓa, wani yana ta ƙoƙarin a fara ceto kayansa kafin mutane. Kowace kasuwa tana buƙatar mutum ɗaya da aka sani tun kafin ranar, in abu ya faru maganarsa ake bi, da mataimakinsa in ba ya nan, da wanda aikinsa kawai kiran waya da tsayuwa a bakin titi ya tari mota ya nuna mata hanya, da masu tare jama'a. In kuma ma'aikata sun iso a miƙa musu ragama a koma taimaka musu. A wurin ruftawar gini har shiru ake buƙata don a ji motsin wanda ke ƙasa, lokacin benen Ikoyi mai hawa 21 da ya faɗi ranar 1 ga Nuwamba 2021 kwanaki aka yi ana tono, mutum sama da 40 suka rasu, da yawansu leburori ne masu neman na abinci irin namu. To wa zai iya sa taron mutum 500 su yi shiru in ba wanda suke jin kunyarsa ba?

Kuma shugaba na gari yana ƙirga yaransa. Wa ya shiga, wa ya fito, wa ya yi awa 6 bai sha ruwa ba a janye shi a sa wani. Bayan an gama kuma a zauna da su ko a kan tabarma ce, a sha shayi, kowa ya faɗi abin da ya gani, bayan sati a sake tambaya kana barci kuwa? Wannan ba ya cin kuɗi. Ku ma manyan hukuma haka, ma'aikacin da ya je wuta uku a jere ba ƙarfe ba ne, a duba huhunsa, a duba jininsa, a ba shi hutu, a samar masa wanda zai yi magana da shi ba tare da an rubuta masa a fayil cewa ya gaza ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kun fi ni sanin halin mutanenku, ni dai abin da na gani a kan benci na faɗa.

Maganar kuɗi kuma, ciyamomi, kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Kullum ana yankar tikiti, kowace mota ta shigo ta biya, kowane tebur ya biya. Na taɓa kai wa wani shugaba takarda a saya mana tukunyar kashe gobara 10 da kwalin safar hannu da bokitan yashi, ya ce a bari sai bayan Sallah, Sallah uku ke nan. Guda biyun da ke rataye a ofis na duba, allurar agogonsu mai nuna suna da ƙarfi ta bar kore tuntuni, kwalliya ce kawai. Kuma a daina sayar da bakin hanya, don duk teburin da aka kafa a mashiga an karɓi kuɗinsa ne, ba daga sama ya faɗo ba. A bar hanyar da mota za ta iya shiga, direban da zai kwana ya bar makulli da lambarsa a wurin maigadi. Sannan jihar nan tana da inshorar lafiya, Ilera Eko, me zai hana kasuwa ta biya wa yaran da suka sadaukar da kansu, ko mutum 20 ne, in ya ƙone ko ya karye ba sai an bi layi ana karo-karo ba?

Abu ɗaya da ba zan tsallake ba shi ne kwasar mai. Mutanenmu ne cike da Apapa da Ijora, direbobin tanka da yaran mota. Mun ga Abule Egba a Disambar 2006 da bututu ya kama da mutum sama da 200, mun ga gadar Otedola ranar 28 ga Yuni 2018 motoci sama da 50 suka ƙone, a gida kuma mun ga Majiya a Jigawa a Oktoban 2024 da tanka ta kama da mutum sama da 150, ko wata 4 ba a yi ba sai ga Dikko a Neja. Amma gobe tanka ta faɗi za ka ga yaro da bokiti yana gudu ya nufe ta. Talauci ne na sani, amma a faɗa a huɗuba, a faɗa a tasha, tanka in ta faɗi baya ake yi, a kashe mashin, a hana kowa kunna komai, a kira 112.

Ni dai na riga na rubuta sunan yara 23 a kasuwarmu da suka ce a shirye suke a koya musu, har da 'yan ga-ruwa 4 da wata baiwar Allah mai sayar da abinci da ta ce ita ma a sa ta don mata ba sa sakewa namiji ya taɓa su. Ma'aikacin nan da na ɗaure wa kai muna gaisawa har yanzu, tabon yana nan a goshinsa, ya ce shi zai zo ranar Alhamis ɗin da muke so in dai ogansa ya ga takarda daga sarki ko daga shugabannin kasuwa, don shi ba zai iya fitowa da kayan gwamnati a kan maganar mai albasa ba, kuma gaskiyarsa. Takarda ɗaya ce mai hatimi, ranku ya daɗe. In an ce in zo fada in karɓa in kai da ƙafata zan zo.

Shi kuwa yaron nan ɗan Sakkwato, ya koma gida kafin azumi, wani ɗan garinsu ya sa shi a motar shanu da za ta koma arewa. Na kira lambarsa ya fi sau 10 ba ta shiga. Baronsa yana nan ɗaure da sarƙa a gefen rumfata, ya ce in ajiye masa zai dawo.

Wassalam.

Ɗanku, wani ɗan agaji mai sayar da albasa, daga Agege.